Gaisuwar da Ta Kayar da Afirka a Madina

Jurf, ƙarfe 5:40 na asuba

Bakina ne ya jawo wannan tafiya. Bilal, ɗan Pakistan da muke ɗaki ɗaya a jami'a, ya ce Afirka ba ta san wasan kurket ba. Ni kuwa na zazzage masa duk abin da na ji a bakin Malam Idi, malaminmu Bazazzagi: tun zamanin Turawa muke bugawa, mun daɗe muna karawa da Gana, har an taɓa haɗa mu da su da Saliyo da Gambiya a ƙungiya guda kafin kowa ya kama gabansa. Na ce ƙungiyar ƙasarmu ta yau akwai 'yan Legas, akwai 'yan Edo, akwai 'yan Kaduna.

Ya ce, "To ran Juma'a kawo mutanenka mu gani."

Ko sandar wasan ban taɓa riƙewa ba, amma an ce magana zarar bunu. Muna idar da salla muka faɗa motar Ammu Bakur, Bahaushe haifaffen Madina. "Yalla ya shabab, sayyara ba ta jiran kowa," in ji shi.

Aziziyya, 6:05

Nan muka kwashi 'yan Nijar biyu, da Abakar ɗan Cadi, da wani Basudane da ya zaci walima za a je. Muka karya da ful da tamis, wato wake da gurasa, na riyal goma sha biyar. Na kira Malam Idi, wanda shi kaɗai a cikinmu ya taɓa wasan, tun yana sakandare. Ya ce mu yi gaba, yana tafe.

A shingen bakin gari ɗan sanda ya duba iƙamarmu, wato katin izinin zama, ya tambayi ina muka nufa. Ammu Bakur ya ce, "Muntakhab Afirka ke nan." Wato zaɓaɓɓun 'yan wasan nahiyar. Mutumin ya leƙo, ya ga jallabiyoyi da silifas, ya yi mana addu'a.

Filin wasa, 6:50

Fegi ne mai tsakuwa a gindin wani dutse, kilomita tara daga Aziziyya. Su Bilal suka fara bugu. Abakar ya tare ƙwallon da ƙirji kamar yadda ya saba a tamaula. Ƙwallon kurket kuwa tauri gare shi kamar dutse, nan ya duƙe yana murza wurin.

Da juyi ya zo kanmu, mutanena suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ƙwallo ke bugun sandata, ba ni ke bugunsa ba, amma maki na taruwa. Saura maki ɗaya mu yi kunnen doki, saura mutum ɗaya ya shigo, sai ga tasi ta sauke Malam Idi. Ya naɗe hannun riga, ya tsaya a can ɗaya ƙarshen. Bugu ɗaya ya yi, mai kyau.

Abin da ya rage mu sheƙa mu yi musayar wuri kafin su dawo da ƙwallon, mu samu makin. Na taso da gudu, ya taso. A tsakiya muka haɗu, sai na tuna yau ban gaishe shi ido da ido ba. Ta yaya zan gifta malamina a guje kamar ɓarawo? Na durƙusa.

"Allah gafarta Malam, barka da asuba."

Shi ma ya tsaya. "Barka kadai. Mun tashi lafiya?"

Bilal, Allah ya saka masa, ya riƙe ƙwallon yana jira mu gama. Bai san gaisuwar Bahaushe ba. Ya jure "ina gajiya", ya jure "ya karatu". Muna shiga "ya mutanen gida" ya buge sandunan da aka kafa a ƙarshen filin da ƙwallon, alamar an fitar da mu, wasa ya ƙare.

Jurf, 9:30

Mun iso lafiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Godiya ga Allah da ya dawo da mu, da Ammu Bakur da ya ƙi karɓar ko halala, wato ko sisi.

Yanzu Bilal ya yarda Afirka ta san kurket. Sai dai kullum da safe, in zan fita a makare, yakan tare ƙofa ya durƙusa ya ce, "Ina gajiya?"