Ruwan Batir ɗin Yunana

Duk mai keke Napep a Samaru ya san Yunana. Batir ya mutu, shi ake nema. Yana da ɗan shago a Sabon Gari, yana kuma waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci da murya kamar ba bakinsa ne ke ciniki da direbobi ba.

Matattun batir kuwa tara su yake ya sayar. Masu saye busasshen batir suke aunawa, don dalmar ciki suke so. Wai daga nan Legas take zuwa a narke ta, wani babban kamfanin ƙasar waje ya saya. Saboda haka Yunana kan sare kan batir da adda, ya tsiyaye ruwan a lambatun bayan shago. Ya san lambatun nan lambun Dinatu yake bi, gwauruwar da ke zama bayansa a coci. Ya ga alayyahonta yana ƙonewa, sai ya daina bin ta wajen.

Rannan dillalinsa, Callistus, ya sauke masa shuɗin durom da safar hannu da takalman roba, ya ce kamfani ya turo mai bincike. Yunana ya sha ado kamar zai shiga tiyata.

Mai binciken, Adaobi, ta tambaye shi inda yake zuba ruwan. Ya nuna durom, wanda ko ɗigo bai taɓa gani ba. Sai ga Dinatu da farantin ganye a ka, rabinsa ya yi rawaya.

Adaobi ta tare ta. "Mama, aikin mutumin nan yana damunku?"

Gumi ya cika safar Yunana. Dinatu ta dube shi, ta dubi durom.

"Baba Yunana? Shi ya ɗauki makarar mijina. Mutumin kirki ne."

Da ta tona shi, da ya fi masa sauƙi. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

Baƙuwa na tafiya Callistus ya kwashe kayansa, har safar, za a kai wani shagon. Dinatu ta dawo ta tsaya bakin ƙofa, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Baba, in za ka zuba gobe, don Allah ka gaya mini tukuna, in samu in toshe kwalbatina."