Robobin Malam a Kan Katanga

Ina tsakar gida ina tsintar wake Malam Idi, abokin aikin maigidana, ya yi sallama. Da ya ƙi zama na san babu lafiya. Ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Malam ya faɗi a masallacin kamfani bayan azahar, rai ya yi halinsa." Na yi salati, na rufe waken don kaji.

Ban taɓa kiran sunan mijina ba, ba kuma yau zan fara ba. Tun unguwar Sharada tana da gonaki yake aikin roba a can. Ni dai na san yana dawowa da wari mai hawa kai, na wani ruwan magani, akirilik suke ce masa. Kayansa a zaure yake cirewa, wannan dokata ce, bai taɓa musu ba.

Na taɓa tambayarsa, wai me kuke yi ne? Ya ce roba ba ta shan rini, ka shafa mata ya zame. Sai an karce fuskarta an dasa mata wannan magani, kamar yadda ake yi wa mangwaro aure, sannan launi ya kama. Yakan ce, "Abin da aka shafa, ruwa ya tafi da shi. Abin da aka dasa, sai dai a fasa robar." Na ce to, ga tuwonka.

Daga nan ya mai da ni mai wanki. Ya zo da guntayen roba, ja da kore da shuɗi, ya ce, "Ki dirje su kamar kina jin haushina." Ban taɓa rasa haushin ba. In launi ya fita, ya yi dariya ya ce gobe ma rana ce. In bai fita ba, ya jera su kan katanga rana da ruwa su ci rabonsu. Bai iya hira ba, bai iya cefane ba, amma bai taɓa cewa abu ya kama alhali bai kama ba.

Guntayen ƙarshe da ya jera suna nan kan katanga. Ya ce kar a taɓa sai damina ta wuce. Jiya Nura, autanmu, ya ce in na fita takaba in koma wajensa a unguwar Hotoro, a zuba 'yan haya a gidan nan, wannan tarkacen kuma a zubar. Na ce, "Tarkacen da ya biya maka makaranta? Ba inda za ni sai ruwa ya ɗauke. In dirje su, in aika wa Malam Idi wanda ya kama." Ya sunkuyar da kai.

Allah Ka ji ƙan Malam, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa. Yaran nan Ka haɗa kansu. Ni kuma Ka ara mini ƙarfin hannu zuwa kaka. Amin.