Sawun Maa Ohui a Kan Yashi

Gari na fara haske, tun kafin wani ya motsa a cikin tanti, Maa Ohui ta riga ta isa bakin teku da manjagara da buhu. Takan fara tsince abin da ruwa ya amayo: ledar ruwan sha, robobi, tsumman koma, kwalabe, wani lokaci har da allura. Sannan ta kama jan manjagara. Ba gaba take tafiya kamar kowa ba. Da baya-da-baya take yi, tana jan yashi a kan sawunta, don kada baƙo ya zuge tanti ya ga alamar wani ya riga shi taka wurin. In ta kai gindin kwakwa na ƙarshe, sai ta bi ta bayan kicin ta tafi gida.

Haka ta yi shekara ashirin da wani abu a sansaninmu na masu hutu da ke Ada, a ƙasar Ghana. Mutanen Accra kan zo ranar Juma'a a gajiye, Papa Amanor ya tsallako da su kogi a kwalekwale, su kwana a manyan tantuna masu gado da katifa. Da safe su fito su ga yashi sumul, su ɗauki hoto, su ce nan ne inda ɗan Adam bai ɓata ba. Madam mai wurin ma da wannan hoton take tallarmu, shi ya sa ta kafa doka: kada baƙo ya ga mai shara.

Ni Yomle, wankin zannuwan gado nake yi a nan. Ban yi nisa a makaranta ba, kuma magana cikin mutane tana yi mini nauyi. Amma Maa Ohui ta ajiye aiki, kuma akwai saƙon da nake so ya kai kunnenta.

Yaran ƙauyenmu sun san ta. Duk silifa ƙafa ɗaya da teku ya kawo, takan wanke ta ajiye, har ta samo mata abokiya. Shi ya sa za ka ga yaro a Ada da ja a dama, shuɗiya a hagu, yana taƙama. Bra Kabu mai dafa mana abinci ba ya barin ta ta huta a kan wannan.

"Maa, yaushe za a buɗe kantin? Ni lamba arba'in da uku nake sawa."

"Kai da wannan ƙafar taka kamar faranti? Sai dai in teku ya kawo kwalekwale biyu."

Papa Amanor kuwa shaidarsa daban ce. Lokacin da kififiya ke fitowa yin ƙwai, takan bar shaida a yashi kamar an ja buhu. Wata rana wani manaja da muka taɓa yi ya ce a bar shaidar don baƙi su ɗauki hoto. Maa Ohui ta saurare shi har ya gama, ta ce, "To, ɗana." Ta juya ta shafe ta tas.

"Maa, ba ki ji ni ba ne?"

"Na ji ka. Abin da baƙo ya gani, kare ma ya gani, mai neman ƙwai ma ya gani. Ita ma uwa ce, ta zo ɓoye 'ya'yanta."

Papa ya ce manajan ya yi ta faɗa, ita kuwa ta ci gaba da jan manjagararta, tana nisa da shi da baya-da-baya, har muryarsa ta daina kai mata.

Ke ce, Maa, mai share sawun kanta. Ke ce inuwar giginya, na nesa ya sha ki bai san sunanki ba. Gidan mahaifiyarki yana can inda igiyar ruwa ke karyewa yanzu, teku ya cinye shi tun kina budurwa, amma ba mu taɓa jin kin zagi teku ba. Kullum ke ce mai wanke masa fuska.

Bana idonta ya fara dushewa. Ta ɓoye mana. Takan durƙusa tana laluben yashi da hannu a inda da ido ya isa. Wata Asabar bayan ruwan sama, shara ta zo da yawa, wani ɗan guntun kwalba ya tsere mata. Yarinyar wasu baƙi ta fito da gudu ta taka. Raunin ba mai zurfi ba ne, an wanke an ɗaure, da yamma ma tana wasa. Amma uban yarinyar ya tsaya tsakiyar sansani yana ɗaga murya.

"Wa ke share wurin nan? Ina tambaya, wa ke share wurin nan?"

Ban ga laifinsa ba, jinin 'yarsa ya gani. Maa Ohui tana bayan kicin tana ji. Ta fito, ta tsaya gabansa, ta ce, "Ni ce." Ta ba shi haƙuri, ta durƙusa ta duba ƙafar yarinyar.

Da ta dawo inda nake shanya, ta zauna a kan bokiti. Ta ce, "Yomle, kin ji? Shekara ashirin, yau ne aka tambayi wa ke share wurin."

Washegari ta mayar wa Madam manjagara. Madam ta roƙe ta, ta ce kowa na kuskure. Maa Ohui ta ce a'a, idon da bai ga kwalba ba, gobe allura ce ba zai gani ba. 'Yarta da ke Ashaiman ta ce ta koma wurinta. Sai Maa ta nemi a bar ta ɗan lokaci ta koya mini aikin, don in gaje ta. Ta koya mini yadda ake kwantar da manjagara, da yadda ake jin kwalba a hannu tun kafin a gan ta. Amma raha ta bar bakinta. Ko Bra Kabu ya tsokane ta, sai ta ce, "Bar ni, ɗana." Muka ga za ta tafi da wannan tambaya ɗaya a ƙirjinta, kamar duk abin da ta bari a Ada guntun kwalba ne.

Ranar da za ta tafi, Lahadi ce, tantuna cike. Na riga ta isa bakin teku, na share wurin kaf. Da ta zo da ƙunshin kayanta, ta tarar da mu uku a gindin kwakwa, ni da Bra Kabu da Papa Amanor. Ta miƙa hannu za ta karɓi manjagara, na riƙe.

"Yarinyar nan, lafiya?"

Na ƙara damƙe manjagarar. Papa ya ce, "Ohui, cire takalmi. Je ki yi wa teku sallama. Ta gaba za ki bi, kamar mutane."

"Ta tsakiyar tantuna? Kun haukace? In Madam ta gani fa?"

"In ta gani ki ce ni ne," in ji Bra Kabu. "Ta kore ni, mu ga wa zai tuƙa musu tuwon banku."

"Ƙafata ta manta tafiya gaba a kan yashin nan."

Papa ya ce, "To, koya mata. Ba ta tsufa da karatu ba."

Ta daɗe tana kallonmu. Sannan ta cire silifanta, ja da shuɗiya, ta miƙa mini. Ta taka. Tana tafiya tana waiwaye, hannunta na motsi kamar mai neman abin shafewa. Ta wuce tantuna, ta kai bakin ruwa daidai inda gidan mahaifiyarta yake a da, ta tsoma ƙafa, ta wanke fuska. Ta biyo gefen ruwa zuwa kwalekwale. Ta dafa kaina kawai, Papa ya tura jirgi.

Madam ta fito ta ga sawun. Ta buɗe baki, ta dube ni, ta dubi kogi. Ta ce, "Yau dai a bari."

Maa, ga saƙon. Bayan kwalekwale ya sha kwana, wata baƙuwa ta zuge tantinta. Ta tsaya tana kallon sawu guda a kan yashi sumul. Ta kira mijinta, suka bi shi har bakin ruwa ba tare da sun taka shi ba. Da ta dawo ta gan ni da manjagara, ta ce, "Sista, sawun wa ne wannan?"

Na faɗa mata sunanki. Na faɗa mata na silifa, da na kififiya, da tafiya da baya. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka da baƙo ba. Ta dubi buhunan sharar da na tara bayan kicin, ta ce, "Kullum? Ita kaɗai?" Ta ce in maimaita sunan, ta faɗe shi a bakinta har ya zauna. Ta ce ina kike, tana so ta gode miki.

Kin riga kin tsallake kogi. Abin da ke ci mini rai ke nan. Da mun yi wannan tun idonki na gani, da kin ji da kunnenki. Kafin rana ta take, teku ya cika ya kwashe rabin sawun, iska ta ƙarasa sauran.

Mun gode, Maa Ohui. Yaran Ada sun gode, 'ya'yan kififiya ma da suna da baki da sun faɗa. Ku kuma masu zuwa hutu bakin teku, in kun tashi kun ga yashi sumul, ku zaga bayan kicin ku tambayi wa ya share, tun ba a taka kwalba ba. Masu aiki irin namu, mu riƙe shi yadda ta riƙe.

'Yarki ta yi alkawarin karanta miki wannan. Ki sa ta maimaita nan wurin: Maa, an sake tambaya, kuma wannan karon ba don faɗa ba.