Mma Sanatu, Mai Sauke Diddige Ƙasa

Kafin masu koko su sauke tukunyar farko a bakin ƙaramin asibitinmu na Tamale, Mma Sanatu Wumbei ta riga ta share ɗakin gashin ƙashi, ta shimfiɗa tabarmi, tana ɗumama tafin hannunta a jikin kofin shayi. Wai ba ta taɓa ƙafar yaro da hannu mai sanyi. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma ko a rediyo ban taɓa jin an ambaci sunanta ba. Abin yana min ciwo, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Aikinta kula da yara masu tafiya a ɗage, waɗanda diddigensu ba ya taɓa ƙasa. 'Yata Tiyumba na cikinsu. Ranar farko ta kwantar da ita, ta tura tafin ƙafar sama da gwiwa a miƙe, ta lanƙwasa gwiwar ta sake turawa. Ta ce min naman sha-raɓa biyu ne, ɗaya ya taso daga saman gwiwa, ɗaya daga ƙasanta, suka haɗu a agara ɗaya da ta sauka diddige. Na Tiyumba duka sun ɗaure, don haka agarar likita zai tsawaita.

Aka yi aiki lafiya, aka sa filasta. Sai ga mahaifiyata. Kun san tsofaffinmu na Dagwamba, jika ba ya kwana sai an gasa shi da ruwan zafi, an murje shi da man kaɗanya, an jajja gaɓoɓi. Ta ce gobe za ta jiƙa filastar ta ɓare, ta ja ƙafar da hannunta. Ni wa ya aike ni musu da ita? Na garzaya wajen Mma Sanatu. Ta ce in aka ja agarar kafin ta haɗe za ta saki, yarinya ta ƙare rayuwarta tana tafiya a durƙushe.

Da la'asar sai ga ta a babur ɗinta, da ƙafar saniya a leda. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida tsohuwa.

"Iya, na kawo miki kayan miya, amma sai kin ara min wuƙa."

"Au, ke ce kika yaɓe min jika da siminti kamar bakin rijiya?"

"Ni ce, Iya. Matso ki gani."

Ta zaro agarar saniyar fara sol, ta tsaga ta a tsaye, ta yanke rabi ta sama, rabi ta ƙasa, ta zame su har ta ƙara tsawo, ta ɗinke da zare. Ta miƙa wa tsohuwa ta ce, "Ja." Tsohuwa ta ja, abu ya rabu biyu a hannunta. Ta ɗago ta dubi Mma Sanatu.

"Haka ta Tiyumba take yanzu?"

"Haka take. Amma yatsun nan da suka leƙo naki ne, ki shafa musu mai, in sun yi sanyi ki aiko min. Ranar da aka cire filasta zan nuna miki iya inda hannu zai tsaya."

Ƙafar saniya ta shiga miya, tsohuwa kuwa ta zama 'yar sandan filasta. Ko ni ban isa in gifta da buta ba.

Ba mu kaɗai ba ne. Lansah mai faci ya shaida min har ƙauyensu ta bi ɗansa cikin damina, taɓo har gwiwa. Ke ce uwar masu ɗage, Mma. Ke ce ba ki taɓa kiran kakanninmu jahilai ba, kin san ƙauna ce ke sa su ɓarna. Ku 'yan baya da za ku gaji ɗakin nan, ku koyi durƙusawa ku nuna wa mutane abu da idonsu, tsawa ba ta tsare ƙafar kowa.

Bayan an cire filasta da 'yan makonni, wata safiya na ji tsohuwa ta kurma ihu a tsakar gida, na fito da gudu na ɗauka maciji ne. Tiyumba ce ta fito daga wanka ta ratsa daɓe, ta bar jiƙaƙƙen sawu. Tsohuwa na nunawa tana kuka. Sawu ne cikakke, yatsu, tafi, har da diddige. Ta tsaya a kansa ta hana kowa takawa har rana ta busar da shi.

Wannan sawun naki ne, Mma Sanatu. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi.