Ƙarafan Taki

Na'urar neman ƙarfe a ƙasa ba baƙuwa ba ce a wurina. Na gan ta a Ingila hannun tsofaffin da suka bar aiki, ba sa shiga gonar kowa sai da izini, in sun tona su mayar da ƙasa. Na gan ta a Sudan wajen masu haƙar zinariya. Sai a gonata ta bayan Ungogo na tsane ta.

Maƙwabcina ne ya zo da ita, wani ɗan birni da ya sayi fili a gefena yana jiran gari ya iso ya yi gini. Damina ta kankama, gerona ya kai gwiwa, na tarar da shi cikin kunyoyina yana tono. Ko kunya babu, ya zube mini abin da ya samu: anini mai huda, ruɓaɓɓen kwaɗon ƙofa, mariƙin bokiti.

"Alhaji, tsohon gari ne a ƙarƙashinka! Kan tarihi kake noma."

"Kan juji nake noma," na ce.

Na gaya masa yadda mahaifina yake kora jakai birni duk rani da itace, ya dawo da mangala cike da shara da toka, mu jibge a gona ya zama taki. Duk abin da tsintsiyar matan birni ta kwaso, nan ya ƙare. Aninin nan wata ce ta share shi.

"Haba Alhaji, kai da ka zaga duniya, ka raina naka?"

"Na zaga. Ban ga inda ake shiga gonar mutum ba sallama ba. Fice mini."

Ya fita, amma ya kai zancen majalisa. Kafin Juma'a anini ya zama tukunyar zinariya. Aka shigo mini da diga da shebur, har da waɗanda iyayensu suka yi jigilar takin nan tare da nawa. Su suka fi ba ni haushi, don sun sani sarai. Kafin mai unguwa ya kore su, rabin geron ya kwanta. Ƙusoshi suka samu da gwangwanayen madara.

A waccan shekarar rumbuna bai kai ni bazara ba. Har yau maƙwabcin nawa yana yi mini sallama a masallaci. Ina amsawa saboda addini, ba na ƙara ko kalma.