Wa Ke Taka wa Kawu Birki?

Tanout

Ana idar da sallar asuba na saɓi kwalina na nufi tasha. A ciki akwai na'urar wasan tseren mota, da ƙaramin talabijin, da sitiyari ɗaya tilo na shagon wasannina haɗe da matakansa na birki da totur. Samarin garinmu sun fi son manet, ɗan abin nan da ake riƙewa a danna da yatsu, shi kuwa sitiyari sai dai su shafa su wuce.

Belbeji na nufa wurin Kawu Idi, direban da ya tsufa a kan yashin Damargu. Tun da ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafar dama ya shige ɗaki, ko zaure ya ƙi leƙawa. Matarsa, Inna Haju, ta ce mini a waya, "Ɗan nan, mutumin nan a zaune yake ƙarewa."

Buɗaɗɗiyar motar kasuwa na samu, ba ta cika ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Na hau na sauka ya fi a ƙirga, har direba ya ce, "Malam, ƙaiƙayi gare ka ne?"

Gangara

A shingen jandarma na garin Gangara wani ya buɗe kwalin, ya ɗaga sitiyarin.

"Ina sauran motar?"

"Tana cikin talabijin, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya ya sallame mu. Na sha fura a tsaye, na sayi cuku na tsaraba. Gaba kaɗan muka kafe a yashi, muka sauka muka tura. Raina duk a jagule: in Kawu ya ɗauka ba'a na zo yi masa fa?

Belbeji

Da la'asar sakaliya muka shiga. Kawu ya rame, gaisuwar ma da ka ya amsa rabinta. Na haɗa kayan da batirin sola, na fara miƙa masa manet, tunda ba ya bukatar ƙafa.

"Ni da furfurata in tuƙa mota da babban yatsa? Kai wa yara."

Sai na ɗaure sitiyarin a teburi. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya kama, ya ɗan kaɗa shi hagu da dama kamar mai taya akuya a kasuwa. Ni kuma a asirce na kunna abin taimakon da ke cikin wasan, wanda ke rage gudu da kansa in an zo kwana. Nufina kada ya ji kunya.

Ya ɗora ƙafar hagu a totur. Kwana ta farko lafiya, ta biyu lafiya. A ta uku ya saki sitiyarin.

"Wa ke taka min birki?"

"Kawu, na'urar ce take ɗan..."

"Kai ka sa ta? Ko yaron motata bai taɓa kai ƙafa birkina ba. Ashe kai ma gurgu ka zo gani."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Nan take na kashe abin.

Ƙafar hagun direba kuloci kaɗai ta sani, shi kuwa har ƙasa ake taka shi. Haka Kawu ya danne birki gaba ɗaya, mota ta juya ta daki katanga.

"Sake," in ji shi.

Ya sake, ya daka. Ya sake, ya faɗa rami. Har aka kira magariba yana zagin ƙafar nan, wai raguwa ce, shekara da shekaru tana cin albarkacin 'yar'uwarta. Inna Haju na bakin ƙofa da kwanon tuwo, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. A zaure na kwana, barcin dai rabi da rabi.

Komowa

Da safe na shiga zan kwance kayana, ya dafe teburin.

"Kai ka tafi, wannan ya zauna. Haju, miƙo min sandunan nan. A fitar da teburin ƙofar gida, a kira min direbobin tasha. In ga uban da zai wuce kwanar nan da ƙafafunsa biyu."

Ni na ɗauki teburin, yana bayana yana dogarawa, yana faɗan in yi a hankali.

Na iso Tanout gab da magariba, hannu rabbana, jiki duk ciwo. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma nuna mini Kawu zaune a ƙofar gidansa.