Furar da Na Sha a Buron Shef

Yau a banki aka raba mana takarda, wai mu rubuta ko muna jin daɗin aiki. Na riƙe alƙalami na rasa abin rubutawa, sai tsohon shef ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, ya faɗo mini a rai.

Shekarar fari ce, damina ta ƙi. Dangina daga Dakusa sun cika ɗakina a Zango, ga masu neman ruwan sha tun asuba. Ran nan a gishe, tagar biyan kuɗi, na daka wa wani dattijo manomi tsawa a gaban mutane. Shef ya kira ni buronsa, wato ofishinsa. Na shiga ina jiran takardar gargaɗi, sai ya turo mini ƙwaryar fura mai ƙanshin citta.

“Sha tukuna, ɗana. Mutum nawa suka sauka gidanka?”

Na faɗa masa.

“To, je ka ba dattijon nan haƙuri. Daga nan ka wuce layin hatsi ka samo wa baƙinka, ni zan zauna kujerarka.”

Ya zauna har la’asar, tabarau a kan hanci.

Takardar yau tambaya ta yi yawa, amma ba wadda ta ce mutum nawa nake ciyarwa. Allah ya shayar da kai, Baba, yadda ka shayar da ni.